Albion, RuneScape, Guild Wars 2, Final Fantasy Ko Warcraft: Wanne Zai Zauna Da Ɗan Gombe?

Wanda ya gaji da Free Fire da ƙwallon waya, ya fara sha'awar wasannin nan da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta intanet, kowa da jaruminsa, yana yaƙi yana sana'a yana tara dukiya, tambayar da yake fara yi ita ce wanne ya fi daɗi. A Gombe tambayar ba ta tsaya nan ba. Bature da ke yabon wasa a YouTube yana yabonsa ne da wutar da ba ta ƙiftawa da intanet ɗin da ba ya yankewa. Kai kuwa kana Bolari ko Pantami, da wayar da ke ɗaukar zafi a watan Afrilu, da datar da ka saya da gumi.

Na shiga waɗannan wasanni ɗaya bayan ɗaya, na bar wasu, na koma wasu. Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne babu abin da ke bin ka idan ka sauya. Matakin da ka kai, kayan yaƙinka, zinarenka da ƙungiyar da ka saba da ita, duk a can suke zama. Shi ya sa zaɓin farko yake da nauyi, kuma shi ya sa nake auna su da ma'aunin nan gida.

Abin da za a auna da shi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi a wajena: me ke samun jaruminka idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar faɗa? Babu ko ɗaya cikin wasannin nan da ke da saba a Nijeriya, wato manyan kwamfutocin da duniyar wasan ke zaune a cikinsu. Duk taɓawar da ka yi sai ta bi ta Legas, ta ratsa wayoyin ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan amsa ta dawo. Ko ranar da sabis ya yi kyau, jinkirin yakan haura milisakan 100, kuma wanda ya zaɓi sabar Amurka ya ƙara wa kansa nisa. Waɗanda ke wasa a watan Maris na 2024 ba za su manta da lokacin da wayoyin tekun Afirka ta Yamma suka lalace ba. Akwai wasan da ke yafe wa mai jinkiri, akwai wanda ke tsiyata shi a daƙiƙa biyar.

Na biyu kuɗi, da hanyar biyansu. Dala 15 a wata, a lissafin naira 1,500 kowace dala, naira 22,500 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ga kuma wahalar biya: bankuna da yawa sun rufe sayayyar waje da katin naira a 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025 da iyaka. Don haka wasan da za a iya biyan kuɗin watansa da zinaren cikin wasa yana da wata daraja ta daban a nan.

Na uku na'ura da data. Wasan kansa ba ya shan data sosai. Saukar da shi da sabunta shi ne ke cinye ta, balle tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Na huɗu ɗorewa, kuma iri biyu ce. Akwai ɗorewar wasan: WildStar ya rufe a 2018, TERA na kwamfuta ya rufe a 2022, New World na kamfanin Amazon da ya fito da hayaniya a 2021 an sanar a Oktoban 2025 cewa an daina yi masa sabon abu. Akwai kuma ɗorewar wahalarka: idan jarrabawa ko aikin gona ko azumi suka ɗauke ka wata uku, za ka dawo ka tarar da kayanka da darajarsu, ko sun zama tarkace?

Na biyar lokaci. Ba a dakatar da waɗannan wasanni. Agogonmu ɗaya ne da na Jamus a lokacin sanyinsu, muna bayansu da awa ɗaya a lokacin zafinsu, su kuma ƙungiyoyin Turai da daddare suke haɗuwa, wajen ƙarfe bakwai zuwa takwas namu. Tsakanin Magariba da Isha'i ke nan. Wasan da zai ɗaure ka awa uku da mutum ashirin suna jiran ka, sai ka yi tunani kafin ka ba su alkawari.

Albion Online

Kamfanin Sandbox Interactive na birnin Balin ne ya fitar da shi a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya shigo waya a 2021. A Afrilun 2024 aka buɗe sabar Turai a Amsterdam, ita ce ta fi kusa da mu. Jarumin da ka gina a wata saba ba ya ƙaura zuwa wata, don haka ka zaɓe ta tun ranar farko. Asusu ɗaya ne a waya da kwamfuta.

Daɗinsa kasuwa. Kusan duk takobi da sulke da ka gani ɗan wasa ne ya haƙo ƙarfen, wani ya narka, wani ya ƙera. Kowane gari da kasuwarsa da farashinsa: abin da ke araha a Martlock yana iya tsada a Lymhurst ko Caerleon. Wanda ya taɓa tsayawa a Tudun Hatsi ya ga yadda ake sarin wake a loda shi zuwa kudu don ribar da ke tsakanin kasuwa da kasuwa, ya riga ya fahimci rabin wasan. Ba a kuma ɗaure ka da sana'ar yaƙi ɗaya ba. Abin da ka sa a jiki shi ne kai, ka ajiye baka ka ɗauki sanda ka zama mai warkarwa.

Haɗarinsa kuwa shi ne mafi girma a jerin nan. Ƙasar ta kasu launi huɗu. A shuɗi babu mai taɓa ka, a rawaya ana iya kayar da kai amma ba a kwashe maka kaya. A ja da baƙi, wanda ya kashe ka ya mallaki abin da ke jikinka da jakarka, har dabbar da kake kai. Kuma can ne arzikin yake. Ƙanena da ke karatu a jami'a a Tudun Wada ya tara fatu da katako, ya loda wa sa, ya nufi Caerleon ta jan yanki. Ina zaune kusa da shi alamar 4G ta koma E, hoton ya daskare da san a tsakiyar hanya. Da sabis ya dawo, jarumin yana tsaye a gari ba riga. Ya juyo ya ce, "Yaya, wallahi ko takalmi ba su bar min ba." Ba laifin wasan ba ne, dokarsa ke nan, kuma babu wanda zai mayar maka.

Ana zama da shi idan an bi ƙa'ida ɗaya: kada ka fita da abin da ba za ka iya sake saye sau da yawa ba. Kayan mataki na 4 suna da araha, rasa su ba ya hana barci. Akwai kuɗin wata na ganin dama, sama da dala 10, da ke ƙara saurin ci gaba da rage harajin kasuwa, kuma ana iya biyansa da azurfar wasa, sai dai farashin ya yi wa sabon shiga nisa. Waya mai RAM giga 4 za ta ɗauke shi, amma a yaƙin ɗaruruwan mutane za ta yi zafi ta riƙa tsaitsayawa.

Old School RuneScape

Idan ka fara ganin hotonsa za ka ce wasan yara ne na zamanin da. Kamfanin Jagex na Kambirij a Ingila ya fara RuneScape a 2001, a 2013 ya dawo da tsarin 2007 da wannan suna, a Oktoban 2018 ya kawo shi waya. Tsufan hoton nan shi ne alherinsa a gare mu: kusan kowace wayar Android tana ɗaukarsa, saukar da shi ba ya cinye datar wata, batir ba ya zuba.

Duniyar wasan tana motsi ne sau ɗaya a kowane kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa, don haka jinkirinmu ba ya bayyana a yawancin ayyuka. Ka taɓa bishiya a ƙauyen Draynor na cikin wasan, jarumi ya kama sara, ka ajiye wayar a kan kanta ka sallami mai sayen sukari, ka dawo ka tarar jakar mai gurbi 28 ta kusa cika. Kiran salla ya zo, ka fita daga wasan, babu wanda ka ɓata wa. Ban ga wani wasa cikin waɗannan da ya dace da mai shago ko mai POS kamarsa ba.

Mutuwa a wajen dodanni ba ta tsiyatarwa: kana riƙe kayanka uku mafi tsada, sauran suna jiran ka a kabari na ɗan lokaci. Yankin Wilderness ne babban wurin da 'yan wasa ke farautar juna, kuma ba dole ka shiga ba. Manyan dodannin ƙarshe dai suna buƙatar taɓawa a kan lokaci, nan sabis mai rawa zai ba ka kunya.

Ɓangaren kyauta yana da sana'o'i 15 da wani yanki na ƙasar, ya isa watanni. Cikakken wasan na masu biyan wata ne, kuɗin ya haura dala 13 tun 2024, amma akwai takardar da ake saye da zinaren wasa mai ba da kwana 14. A ɗorewa babu kamarsa. Matakin da ka kai yana nan ko bayan shekara biyar, kuma manyan sauye-sauye sai an kaɗa ƙuri'a kashi 70 cikin ɗari na 'yan wasa sun yarda. Kuɗin da yake karɓa na gaskiya haƙuri ne: kai sana'a ɗaya mataki na 99 yana buƙatar maki 13,034,431, kuma wanda ya kai 92 rabin hanya kawai ya ci. Mai gaggawa ba zai daɗe ba.

Black Desert Mobile da ire-irensa

Na kamfanin Pearl Abyss ne na Koriya ta Kudu, ya fito wa duniya a Disamban 2019. Hotonsa ya fi na kowane wasan waya a nan kyau, kuma shi ne ke fara jan ido. Amma jarumin da kansa yake faɗa, kai aikinka ka bar waya a kunne tana zafi tana shan caji. Ƙarfi lamba ce da ke hawa, mai zuba kuɗi yana hawa da sauri, kuma ƙara wa kaya ƙarfi sa'a ce, a ci ko a faɗi. Akwatunan sa'a da ake saye da kuɗin gaske a wasanni irin wannan sun yi kusa da caca fiye da yadda zuciyata ke natsuwa da su. Ban ba kowa shawarar ya mai da shi gida ba.

Guild Wars 2

Daga nan sai mai kwamfuta. ArenaNet ya fitar da shi a Agustan 2012, tushen wasan ya zama kyauta a 2015, kuma bai taɓa karɓar kuɗin wata ba. Ana sayen ƙarin babi ne sau ɗaya ya zama naka. Biyun farko, Heart of Thorns na 2015 da Path of Fire na 2017, tare ake sayar da su wajen dala 30, ana kuma yawan karya farashin; na biyun ne ya kawo dabbobin hawa da suka sauya yadda ake yawo a wasan.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa: mataki na ƙarshe 80 ne tun 2012, ba a taɓa ɗaga shi ba, kuma mafi kyawun sulke na shekara goma da suka wuce har yau shi ne mafi kyau. Ka tafi hidimar ƙasa ka dawo, kayanka ba su tsufa ba. Manyan dodanni suna fitowa a filin Allah a kan lokutan da aka sani, kowa ya zo ya sa hannu ya samu ganimarsa, ba rajista ba alkawari. Wuta ta ɗauke, ladan wannan faɗan kawai ka rasa. Rauninsa gare mu shi ne faɗansa na kauce wa sara ne a kan lokaci, jinkiri yana sa ka sha bugun da kai a idonka ka riga ka kauce masa. Yana neman gurbin wajen giga 70, kuma asusun kyauta yana da takunkumi a kasuwa da wajen hira.

Final Fantasy XIV

Square Enix na Japan ya fitar da shi a 2010 ya faɗi warwas, aka ba Naoki Yoshida ya rushe shi ya sake ginawa, ya dawo a 2013. Wasan labari ne mai tsawo, karatu da kallo sun fi faɗa yawa a farko, duk da Turanci mai ɗan nauyi. Jarumi ɗaya yana iya koyon kowace sana'ar yaƙi, kuma mutanensa sun fi na ko'ina haƙuri da sabon shiga. Sabis ya yanke a cikin kogo, wato wurin da 'yan wasa kaɗan ke shiga tare su yaƙi dodanni, yawanci za su jira ka, ba ka rasa kaya. Kogunan babban labarin ma ana iya shigarsu da mataimakan da kwamfuta ke sarrafawa, ka tsaya ka yi sallarka ba ka riƙe kowa ba. Tazarar daƙiƙa 2.5 da ke tsakanin manyan bugu tana rufa wa jinkirinmu asiri.

Gwajinsa na kyauta ba shi da wa'adi, a 2023 ya kai mataki na 70, wato ɗaruruwan awanni ba ko kwabo. Sai dai mai gwaji ba ya shiga kasuwa, ba ya shiga ƙungiya, kuɗin wasansa ba sa wuce 300,000. Ka kuma lura da kyau: ranar da ka sayi wasan, gwaji ya ƙare har abada, daga nan sai biyan wata daga dala 12.99, kuma ba a biyansa da kuɗin cikin wasa. Gidan da ka mallaka a ciki ana rushe shi idan ka yi kwana 45 ba ka leƙa ba. Kamfanin yana neman gurbin giga 140 da kwamfuta mai katin hoto. Kwamfutar ofis ta hannu ba za ta ji daɗinsa ba.

World of Warcraft

Shi ne babban yaya, Blizzard ya fitar da shi a Nuwamban 2004, yanzu kuma yana ƙarƙashin Microsoft tun 2023. Babu fargabar rufewa, kuma yaƙin gayyarsa, inda mutum 10 zuwa 30 ke haɗuwa kan dodo ɗaya, har yau shi ake kwaikwayo. Amma kusan kowane ma'auni namu yana cin karo da shi. Kyauta zuwa mataki na 20 kawai, sai kuɗin wata Yuro 12.99 a Turai, sai sayen sabon babi daban, sai gurbin giga 128. Ana iya biyan wata da zinaren wasa, ga wanda ke da lokacin tara shi. Kayan yaƙi suna tsufa duk bayan 'yan watanni idan sabon zango ya shigo. Kogunansa masu agogo ba sa yafe yankewar sabis, mutum huɗu ne za su yi asara saboda kai. Tsohon tsarinsa na Classic da ya dawo a 2019 ya fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta, amma ka nisanci sabar da mutuwa ɗaya ke share jarumi har abada, don ko sabis ne ya jawo ba a dawo da shi.

| Wasa | Na'ura | Kuɗi | Idan sabis ya yanke | Bayan hutun wata uku |
|---|---|---|---|---|
| Albion Online | Waya, kwamfuta | Kyauta. Na wata ganin dama | A ja da baƙi, an kwashe komai | Gwaninta da ajiya suna nan |
| Old School RuneScape | Kowace waya, kwamfuta | Kyauta. Cikakke sama da dala 13 | Asara kaɗan, ban da Wilderness | Komai yana nan |
| Black Desert Mobile | Waya mai ƙarfi | Kyauta. Mai kuɗi ke gaba | Ba asara sosai | An wuce ka nesa |
| Guild Wars 2 | Kwamfuta | Saye sau ɗaya | Ladan faɗan kawai | Komai yana nan |
| Final Fantasy XIV | Kwamfuta mai ƙarfi, PlayStation, Xbox | Gwaji kyauta. Daga dala 12.99 | Ana jiran ka | Labari na nan, gida na iya tafiya |
| World of Warcraft | Kwamfuta mai ƙarfi | Yuro 12.99 da kuɗin babi | Ƙungiya ta yi asara | Kaya sun tsufa |

Haɗari ɗaya ya shafe su duka. Masu tallar zinaren wasa ko asusu mai babban mataki a WhatsApp da Facebook, ko dai su karɓi kuɗinka su toshe ka, ko kamfani ya gano ya rufe asusun, domin dokar wasannin nan ta hana wannan ciniki. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun ranar rajista, kuma kada ka ba abokin ƙungiya kalmar sirrinka komai daɗin hirarku. Iyaye da yayye su sani cewa a cikin wasannin akwai tsafi da gumakan almara da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, ga hira da baƙi daga ko'ina; yaro ƙarami bai kamata a sake masa su shi kaɗai ba.

Wa zai ɗauki wanne

Idan waya ce kaɗai gare ka, wutar unguwarku ba ta da tabbas, kuma wasanka na tsakanin aiki ne, ka ɗauki Old School RuneScape, ka zauna a ɓangaren kyauta har sai ka ji ya yi maka kaɗan. Idan kana da jinin kasuwanci da zuciyar da ke ɗaukar asara, kuma akwai abokai uku ko huɗu da za ku shiga tare, Albion a sabar Turai ne naku. Ku gwada sabis ɗin wurin zamanku a yankin rawaya kafin ku taka ja, kuma ranar da hadari ya haɗo ku zauna a gari ku yi ƙira.

Ɗalibin da ke da kwamfuta matsakaiciya, wanda zangon karatu ke ɗauke shi ya dawo da shi, Guild Wars 2 ne zai jira shi ba tare da cajin ko sisi ba. Ya saukar da shi da datar dare, ya jira ragin farashi kafin ya sayi babi. Mai son labari, wanda ke da kwamfuta mai kyau da sola ko inbata, ya shiga gwajin Final Fantasy XIV, kada kuma ya saya sai ya cinye gwajin tas kuma ya tabbata zai iya biya duk wata. World of Warcraft na ma'aikacin da ke da intanet tsayayye ne, irin Starlink da ya shigo Nijeriya a 2023, da katin da ke biya ba gardama, da ƙungiyar da ta yarda a fara gayya bayan Isha'i.